A taimaka da sunan fim na abokai da babu ta jefa su fashi

Ɗan Auta: Salam jama'a, don Allah ina neman fim na abokai masu ƙaramin ƙarfi da rashin kuɗi ya matse har suka faɗa fashi. Ba na harbe-harbe zalla ba, wanda mutum zai ji tausayinsu nake so.

Yaya Babba: Set It Off na 1996. Kalle shi tukuna ka dawo.

Anti Shiru-shiru: Ni dai kafin ka ɗauki shawarar kowa a nan ka tambaye shi ko ya kalla har ƙarshe. Kwanaki haka wani ya yi ta zuga ni wai ga fim na talakawa, na ƙona data na sauke, wallahi talaucin bai wuce minti biyar ba, an nuna takardar bashi a kan tebur shikenan, sauran duk gudu da motoci ne da ko mai kuɗin gaske sai ya yi tunani kafin ya saya, to ina talaucin? Jarumin wai an kore shi daga aiki amma ko sau ɗaya ban ga mai gidan haya ya buga masa ƙofa ba, haushi ya hana ni ƙarasawa. Shi ya sa nake bayan Yaya. A Set It Off ƙawaye huɗu ne a Los Anjelis suna aikin shara da goge-goge da daddare, ɗaya an kore ta daga banki don kawai ta san ɓarawon da ya yi musu fashi, ɗaya 'yan sanda sun harbe ƙaninta bisa kuskure, ɗaya hukuma ta ƙwace mata yaro saboda ba ta da kuɗin mai raino ta tafi da shi wurin aiki ya sha maganin wanke-wanke. Kafin su taɓa bindiga kai ma ranka ya gama ɓaci.

Ogan Kallo: Queen Latifah ta cinye fim ɗin nan, wurin da aka zagaye ta a mota har yau ina tunawa. A cikin ƙawayen huɗu, jaruma Jada Pinkett ce kaɗai ta tsira.

Ɗan Auta: Haba Oga! To me ya rage in kalla?

Ogan Kallo: Fim ɗin ya girme ka fa ƙanina, sirrin me kuma zan rufa 😂

Baban Yara: Hell or High Water na 2016. Banki zai ƙwace gonar mahaifiyarsu a Texas, sai suka bi rassan bankin suna fashi don su biya shi da kuɗinsa.

Yaya Babba: Wa da ƙani ne waɗannan, abokai ya ce.

Baban Yara: Yanzu ɗan'uwanka ba ya zama abokinka kenan?

Malam Na Gefe: Ni abin da ban gane ba, don me kullum sai an sa mu tausaya wa ɗan fashi? Mai gadin bankin shi ma albashi yake jira.

Anti Shiru-shiru: Malam ai fim ɗin bai ce sun kyauta ba, ka ga yadda suka ƙare kuwa?

Malam Na Gefe: Yara ba ƙarshen suke riƙewa ba Anti, jakar kuɗin suke gani.

Baban Yara: In mai sauƙi ake so akwai Going in Style na 2017, Morgan Freeman da Michael Caine da Alan Arkin, tsofaffi uku da kuɗin fanshonsu ya bi ruwa. Amma barkwanci ya fi yawa.

Ogan Kallo: Wannan na su Malam ne, tsofaffin ko gudu ba sa iyawa.

Malam Na Gefe: Wa kake kira tsoho?

Ɗan Auta: Jama'a wanne zan fara saukewa ne, datata ta fim ɗaya ce.

Ogan Kallo: Malam kai da bakinka ka ce ka kalli Rambo yana sabon fitowa.