"Sauri ya haifi nawa": ta dace da ƙasashen da arzikinsu ke bunƙasa da gudu?

Ɗalibar Tattalin Arziki:
Assalamu alaikum. Malamaina, a warware mini wannan karin magana. Tun ina ƙarama na ɗauka tambaya ce, wato 'ya'ya nawa sauri ya taɓa haifa? Karatun da nake yi kan Tailan ne ya dawo mini da ita. Daga 1985 zuwa 1995 arzikin ƙasar na ƙaruwa da kusan kashi 9 cikin 100 duk shekara, sai ga shi a 1997 komai ya wargaje.

Tsohon Malamin Hausa:
Wa alaikumus salam, 'yata. Ba tambaya ba ce. Wannan "nawa" ta jinkiri ce, irin wadda ake cewa wane yana da nawar aiki, kuma ana jan wasalinta na ƙarshe. Mai gaggawa yakan ɓata aiki ya koma farko, har wanda ya bi a sannu ya riga shi isa. Tailan kuwa kamar don ita aka yi maganar. Bankunanta sun yi ta ciwo bashin dala na gajeren wa'adi ana zubawa a gine-gine, saboda gwamnati ta ɗaure kuɗinta, bat, a kan kusan 25 kowace dala. Ranar 2 ga Yulin 1997 ta kasa riƙewa ta sake shi, zuwa Janairun 1998 dala ta haura bat 50. Wanda ya kwana da bashin dala da ya kai bat miliyan ɗaya ya tashi da na bat miliyan biyu. Har yau akwai wani bene mai hawa 49 a Bankok, babban birnin ƙasar, tsaye ba tagogi, ciyawa ta fito a barandarsa, tun lokacin aka ajiye aikinsa.

Injiniya:
Allah ya ƙara sani, Malam, na karɓi fassarar amma ban karɓi hukuncin ba. Wallahi wannan magana tana ci mini rai idan na ji ta a bakin masu mulki, don da ita ake lulluɓe lalaci. Koriya ta Kudu ta kafa kamfanin ƙarfe na POSCO a 1968 alhali masu ba da bashi na ganin ba ta kai ba, a 1973 ƙarfe ya fara fita. Da ta jira, da yaushe za ta iso? Ƙasar da matasanta ke fitowa neman aiki dubu-dubu duk wata, ka ce mata ta bi a sannu? Shi ma "sannu ba ta hana zuwa" ai da ƙarashenta: sai dai a daɗe ba a je ba.

Mai Lissafi:
Yallaɓai Injiniya, ita ma Koriyar guguwar 1997 ba ta bar ta ba. Sai da ta je wajen Asusun Lamuni na Duniya, mutanenta suka yi layi suna miƙa zobba da sarƙoƙin zinarensu don a biya bashi. Abin da ya fishshe ta shi ne tana da masana'antu masu sayar da kaya a waje su kawo dala, shi ya sa ta gama biya a 2001. A fahimtata, saurin da karin maganar ke zargi shi ne na tsallake mataki: ka ci bashin da za a biya baɗi, ka gina abin da sai bayan shekara 20 zai fara kawo kuɗi. Sin ta fara da sakar wa manoma mara a 1978, sannan ta gwada buɗe kasuwa a birnin Shenzhen a 1980 kafin ta faɗaɗa.

Injiniya:
Na yarda da batun mataki. To amma wa ke tantance shi kafin a faɗi? A 1995 yabon Tailan ake yi ko'ina, har da waɗanda suka dawo suna yi mata faɗa daga baya.

Ɗalibar Tattalin Arziki:
Na gode ƙwarai, Malam, na gyara karatuna na "nawa". Tambayar Injiniya kuwa ita zan kai wa malaminmu gobe, in ya ba ni amsa zan kawo muku ita nan.