Kofin Blue Mountain a tsarabar Baba: ya cancanci kuɗinsa?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah shawara nake nema. Ina aiki a Ingila, wata mai zuwa in Allah ya yarda zan je gida Kano, rabona da mahaifina shekara uku ke nan. Baba mutum ne mai son gahawa. A Sudan ya koyi shanta lokacin da ya yi karatu can yana saurayi, kuma har gobe in ya dawo daga sallar asuba da kansa yake haɗa abarsa. Sai ya daka ƙwayar a ɗan turmi, ya zuba a wata butar ƙasa mai dogon wuya da ya taho da ita tun wancan zamani, ya jefa citta da kanumfari, ya bari ta tafaso, sannan ya zauna kan buzu yana kurɓa a finjali. Ko Umma ba ta taɓa masa butar nan.

So nake in kai masa abin da bai taɓa sha ba. A wani shago na ga kofin Jamaika da ake kira Blue Mountain, giram 250 kusan fam 40, na Brazil da ke gefensa kuwa bai kai fam 10 ba. Mai shagon ya ce wai shi ne sarkin kofi. Ba kuɗin ne ke damuna ba, Baba ya wuce haka a wurina. Tsorona kada in je in sayi suna kawai. Wanda ya taɓa sha, yaya yake a baki? Kuma ta yaya ake gane na gaskiya?

Wani ɗan'uwa mazaunin Japan:
Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya kai ki gida lafiya. Nan inda nake zaune shi ne babbar kasuwar wannan kofi, domin shekara da shekaru Japan ce ke kwashe mafi yawan abin da Jamaika ke nomawa. Mutanen nan suna ba da shi kyauta kamar yadda muke ba da turare mai tsada, har za ki ga shago ya ajiye gangar katakon da aka kawo shi a ciki don ado. Sauran kofi a buhu ake fitar da shi, wannan kuwa a ganga.

Tsadarsa tana da dalili. Ba duk kofin Jamaika ke cin wannan suna ba, sai wanda aka noma a wani keɓaɓɓen yanki na tsaunukan gabashin tsibirin, a tudun da ya kama daga mita 910 zuwa wajen 1,700. Wurin ɗan kaɗan ne, ga sanyi da hazo, shi ya sa 'ya'yan ke daɗewa kafin su nuna. Gangaren kuma ya yi tsanani, mota ba ta shiga, da hannu ake tsinka, da hannu ake tsince marasa kyau. Tun 1728 wani tsohon gwamnan Turawan Ingila a Jamaika, Nicholas Lawes, ya shigo da irin daga tsibirin Martinik, amma har yau abin da suke samarwa bai taka kara ya karya ba in aka gwada da Brazil ko Habasha. Kaya kaɗan, mai saye kuma ya riga ya tsaya a bakin gona da kuɗinsa.

Wata Hajiya daga Kaduna:
'Yata, ni na sha, ɗana ya taɓa kawo mini. Gaskiya yana da daɗi, amma daɗinsa mai sanyi ne. Ba shi da ɗacin nan da ke kama maƙogwaro, ga ɗan zaƙi-zaƙi a ƙarshe kamar na gyaɗa soyayya, ƙamshinsa kuma a hankali yake zuwa, ba ya cika ɗaki. Ranar farko na zuba masa madara da sukari kamar yadda na saba da na gwangwani, wallahi ban ji komai ba. Sai da ɗan nawa ya tace mini shi zalla, ba tafasawa, ruwan zafi kawai aka ɗiga masa ta takardar tacewa, sannan na gane abin da ake yabo.

To ki duba yadda kika ce mahaifinki yake haɗa tasa. Citta da kanumfari masu ƙarfi ne, ga tafasawa a kan wuta. Duk laushin da za ki biya fam 40 dominsa zai ɓace a cikin butar nan. Mutumin da harshensa ya saba da gahawar Sudan mai kauri zai iya kurɓar wannan ya ce da ke ruwa ya yi yawa, ko kuma ya yi shiru don kada ranki ya ɓaci, wanda shi ne ma abin da iyaye suka fi yi.

Wani matashi:
Anti ki saya kawai. Baba zai ji daɗi in ya ji daga inda aka kawo shi da irin wahalar da ake sha kafin a same shi, har abokansa sai ya ba labari.

Wani mai sayar da kofi da ganyen shayi:
Malama, in har za ki saya, ki karanta leda da kyau. Jabun wannan kofi ya yi yawa. Wani za ki ga sunan da manyan baƙaƙe, a ƙasa kuma an rubuta cewa gauraye ne, wato kaɗan aka sa aka cike da mai araha. Wani ma kwatanci ne kawai, ko ƙwaya ɗaya ta Jamaika babu a ciki. Ki nemi wanda aka rubuta 100% kuma yake ɗauke da hatimin hukumarsu. Da hukumar kofi ce ke ba da shaidar, tun 2018 aikin ya koma hannun wata mai suna JACRA. In an ambaci gona ko masana'anta irin su Wallenford ko Mavis Bank, alama ce mai kyau. In kuma kin ga farashin ya yi sauƙi da yawa, ki ajiye musu kayansu.

Abin da mutane ke mantawa shi ne ranar gashi. Kofi ba ya jure ajiya. Ki sayi ƙwaya, kada ki sayi niƙaƙƙe, wanda kuma aka gasa cikin makonnin nan. Na asali da ya yi wata takwas a kan kanta, sabon gashi mai araha ya fi shi.

Batun sarauta kuma, a wajen masu gasar ɗanɗano yanzu an fi maganar kofin Geisha na ƙasar Panama, wanda ya yi fice a 2004, har a 2019 aka sayi abin da bai kai rabin kilo ba sama da dala dubu a gwanjo. Shi ma asalin irinsa daga dajin Gesha na Habasha ne. Da ni ne, na Harar da ke gabashin Habasha zan nema wa Baba. Yana da jiki, yana da ƙamshi mai ƙarfi kamar na busassun 'ya'yan itace, citta ba ta danne shi, kuma Sudan da Habasha maƙwabta ne, zai yi kusa da abin da ya saba.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya, maganarki ta shirun iyaye ta shige ni, don halin Baba ke nan sak. Na kira ƙanina na sa ya tambaye shi cikin hira wace gahawa ce ya fi kewa, sai ya ce wadda suke gasawa a kasko a Omdurman, hayaƙi na tashi, a daka ta da zafinta. Saboda haka zan nemi ɗanyar ƙwayar Harar kilo ɗaya ya gasa da kansa. Blue Mountain ɗin kuma zan ɗauki ƙaramar leda mai hatimi tare da takardar tacewa, in haɗa mana ni da shi da hannuna ranar da na sauka. Malam mai shago, ɗanyar ƙwayar za ta jure zafin Kano in an sa ta a kwalba mai murfi?

Mai sayar da kofi:
Za ta jure sosai, ɗanye ya fi gasasshe daɗewa nesa ba kusa ba. Ki dai ajiye a inuwa inda babu laima, nesa da yaji da daddawa, don yana jan wari. Ki gaishe mana da Baba.