Wace kalma za mu sa wa "cloud base"?

Daga Aboabo: Malamai, allon manhajar tashar yanayi ta gida, irin su WeeWX da Cumulus MX, yana nuna "cloud base" da mitoci. Na ji an ce tsayin gajimare. Ya yi?

Daga Asawase: Bai yi ba, ƙanena. Wanda ya ji tsayi zai ɗauka daga ƙasan gajimaren zuwa ƙololuwarsa ake nufi. Abin da ake nema kuwa nisan da ke tsakaninmu da inda gajimaren ya fara. Dubi fararen gajimaren azahar: samansu curi-curi kamar auduga, ƙasansu a shafe kamar gindin tire, duk a layi ɗaya. Ni gindin gajimare na zaɓa.

Daga Aboabo: Yaya, gindi kuma? Yara za su yi ta dariya. Tushe fa?

Daga Tafo: Gindin bishiya da gindin tukunya ba su taɓa ba kowa kunya ba. Tushe asali ne, gajimare kuwa ba shi da saiwa. Nawa gyaran shi ne a ƙara "ƙiyasi", don tashar gida ba ta auna gajimare. Na'urar filin jirgi ce ke harba hasken leza sama ta auna. Manhaja lissafi take yi: ta cire matakin raɓa, wato sanyin da in iska ta kai shi danshinta zai zama ruwa, daga zafin iska, ta ninka ragowar da wajen mita 125. Dalili, iska mai hawa tana hucewa da digiri 9.8 a kowace kilomita, matakin raɓa yana sauka da kusan 1.8, sai tazarar ta riƙa raguwa da 8. Zafi 31, raɓa 23, saura 8, mita 1,000 ke nan.

Daga Asawase: Malam, ka bar tarko ɗaya. WeeWX tana ɗora tudun wurin, wato nisansa sama da teku, a kan lissafin. Garinmu Kumasi tana sama da teku da wajen mita 250, don haka allo zai nuna wajen 1,250. A duba saiti kafin a kwatanta da na maƙwabci.

Daga Tafo: Haka ne. Kuma lissafin na gajimaren da zafin rana ke tayarwa ne kaɗai. Da hunturu iska ta bushe, tazara ta kai digiri 20, allo ya ce mita 2,500 alhali ƙura ce kawai a sama. Wanda ya kafa ma'aunin zafinsa dab da rufin kwano, zafi ya ƙaru da digiri 3, ya ɗaga gajimaren da mita 375 a banza. A sa shi cikin rumfarsa mai shan iska, kamar mita ɗaya da rabi daga ƙasa, a kan ciyawa.

Daga Aboabo: To, na rubuta ƙiyasin gindin gajimare. Matakin raɓa ma na ɗauka, ko da yake ban tambaya ba.