Tsawon wayar eriya ga mai fita da rediyo waje

Masu rediyon sha'awa, wato masu aika da karɓar saƙo ta rediyo don sha'awa kawai, da ke ɗaukar kayansu zuwa tsauni ko daji sun tafka muhawara kan tsawon waya, ra'ayi kuma ya rabu biyu.

Ɓangare na farko sun ce a yanka waya daidai rabin zango, wato rabin tsawon igiyar rediyon da za a yi aiki da ita. Lissafin ba wuya: a raba 143 da yawan megahaz (ma'aunin saurin kaɗawar igiyar rediyo), amsar ta fito a mita. A 7.1 ke nan kusan mita 20, a 14.2 kuma mita 10. Idan aka haɗa wayar mita 20 ɗin da rediyo daga baki ɗaya ta taransifoma mai 49:1 (lambar da ke nuna yadda yake daidaita wayar da rediyon), za ta yi aiki a zangon mita 40, 20, 15 da 10 ba tare da tuna (na'urar da ke saita eriya ta dace da rediyo) ba. A ganina nan sauƙin yake, kaya sun ragu a jaka.

Ɓangare na biyu kuwa, masu amfani da tuna, akasin haka suke nema. Da taransifoma mai 9:1, rabin zango da ninkinsa abin gudu ne, don a nan tuna ke gazawa. Tsawon da suka fi ambata: mita 8.8, 12.5, 17.7 da 25.6, tare da wata waya ta kusan mita 5 shimfiɗe a ƙasa.

Inda baki ya zo ɗaya: a yanka da ɗan rara, a naɗe bakin maimakon a datse. Waya mai rigar roba takan bukaci raguwa kaɗan, kuma awon da aka yi a tsakar gida yakan canza idan aka rataya ta a bishiya mai tsawo.