Wuta Ce Ke Ƙona Auduga?

Malamin tsangaya, Ringim:

Assalamu alaikum ma'abota baiti,
Na zo da tambaya, kowa ya gwada ta.
In ka kai garwashi jikin auduga,
Wane ne ya ƙona? Kada ku ce wuta.
Imamu Gazali ya ce ido na da iyaka,
Ya ga haɗuwarsu, bai ga ƙarfinta.
Allah ke halittar ƙuna a daidai lokacin,
Wuta ba ta da iko ko a kan kanta.
Al'ada ce Ya gudanar, in Ya so Ya yanke,
Annabi Ibrahim lafiya ya fito cikinta.

Manomi, Gwarzo:

Allah gafarta Malam, karatu ya yi,
Amma ka saurari abin da ya same ni.
Bana da hunturu yaran farautar gafiya
Suka sa wa daji wuta, ba su tambaye ni.
Harawar waken da na ɗora bisa marke,
Dami-dami ta zama toka, ta bar ni.
Tumaki na kuka a turke tun asuba,
Dusa a kasuwa kuɗinta ya gagare ni.
In wuta ba ta ƙona, yaran sun kuɓuta,
To wa zan kai gaban dagaci ya biya ni?

Malamin tsangaya, Ringim:

Allah Ya mayar da alheri, ɗan'uwa.
Yaro ya yi niyya, ashana ya kyasta.
Halitta ta Allah ce, zaɓi na bawa,
Ka kai ƙararka, tauhidi bai hana ta.

Ɗalibi, Wudil:

Malam, da izini, ɗanka zai sa baki,
Ibnu Rushdi na Ƙurɗuba bai yarda ba.
Ya ce mai musun sababi hankali ya musa,
Ba ka san abu ba in dalilinsa ba ka sani ba.
Da me za ka raba wuta da ruwan rijiya,
In wannan ba ta ƙona, wancan bai jiƙa ba?
A cikin tsarin nan hikimar Mahalicci take,
Ba a cewa komai ba shi da ɗabi'a ba.

Ba su ma haɗu ba fa. Gazali ya rasu a 1111, Ibnu Rushdi kuwa a 1198, takarda ce ta amsa wa takarda.

Goggo, Birnin Kudu:

Ku maza masu gardama a zaure,
Wa ya hura murhu cikinku yau da safiya?
Ɗanyen itace hayaƙi zai cika maka ido,
Busasshen kara kuwa ya kama ba wuya.
Wanda Ya yi wutar Shi Ya yi mata hali,
Ban ga abin da ya raba ku ba, 'ya'ya.
Ga tawa tambayar: wutar dare a tsangaya,
Almajirai da alluna sun yi mata da'ira,
Harshenta ja, gindinta shuɗi, tana rawa,
Kyan nan nata ne, ko idona ya ƙirƙira?

Malamin tsangaya, Ringim:

Goggo, a hankali, nan ne mararrabar.
Ki ce an ajiye ƙarfi a cikinta,
Tana aiki da shi ita kaɗai daga baya?
Malaman tauhidinmu sun ƙi karɓar ta.

Wani baƙo:

Ku daina wannan tone-tone, jama'a,
Falsafa da manɗiƙi, ilimin tsara hujja, hanyar ɓata ce.
Ku yi imani, ku kama bakinku,
Tambaya mai yawa ƙofar shakka ce.

Baba, Bichi:

Ɗana, zauna, ba yau aka fara ba.
Shehu Magili ya sauka Kano, ka tuna,
Zamanin Sarki Muhammadu Rumfa,
Masanin manɗiƙi ne, ya koyar ya nuna.
Suyuɗi na Misra ya ce ilimin haramun ne,
Magili ya aika masa baitoci yana musuna,
Shi ma da baiti ya mayar da martani,
Ba wanda ya fitar da ɗan'uwansa daga sunna.

Rumfa ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Ni dai ina bayan Magili, ban ɓoye ba. Wanda zai ce Allah ɗaya ne ya kuma kawo hujja, ai manɗiƙin ya ara, ko ya sani ko bai sani ba.

Manomi, Gwarzo:

An bar tambayar Goggo a ƙasa, zan ɗauka,
Don ranar nan ni ma kallo ya kama ni.
Marke ya zama ja tun daga ƙasa har sama,
Ban ga kyau ba, Goggo, hawaye ya cika ni.
Yaran can nesa kuwa shewa suke ta yi,
Abin ya burge su, ni ya ƙona ni.
Wuta ɗaya ce, Malam, ido ne daban-daban,
Shin kyan ma halittarsa ake a lokacin gani?