Neman Hausar "walk all over" kafin shirin ƙarfe 4

Mai Fassara: Salamu alaikum. Shirin rediyo zai shiga ƙarfe 4, kuma karin maganar nan na Turanci, "walk all over" (a zahiri, tafiya a kan mutum), ya fito sau biyu a rubutun da nake fassarawa. Na farko a labarin wasa: yadda Jamus ta yi da Brazil a 2014, 7-1. Na biyu a shirin ma'aikata, ana ba wata mace shawara kada ta bar shugabanta ya riƙa yi mata haka. Kalma ɗaya za ta ɗauki duka biyun?

Ɗan Zazzau: Wa alaikumus salam. Ba za ta ɗauka ba, raba su. A ƙwallo akwai matakai. "Doke" na 1-0 ne ko 2-1, bai nuna rata ba. "Lallasa" sai rata ta kai uku. Wasan Jamus da Brazil a birnin Belo Horizonte kuwa an kai 5-0 tun minti na 29, Brazil ba ta tsaya da ƙafarta ba. Wannan "cin kaca" ne: Jamus ta yi wa Brazil cin kaca. In kana son sauƙin nasarar ya fito, ƙara "cikin ruwan sanyi".

Hajiya Malama: Na yarda da Malam. Na biyun ya fi wuya. "Wulakanci" da "cin fuska" suna iya faruwa sau ɗaya su wuce. A nan abu ne mai maimaituwa, kuma wanda ake yi wa ya yi shiru har aka saba. Sai a ce: "Kada ki bari ya ga gadon barcinki." In kuma daga ɓangaren shugaban ake magana, "yana yi mata hawan ƙawara", wato hawa ba sirdi, ba ya tsoron a kayar da shi.

Baban Nahawu: Ƴaƴana, me ya sa muke gudun ƙirƙira? Ina ba da shawarar "tattaken raini". Daga "taka" aka ninka, ƙarshen "-e" ya nuna an gama da abin ɗungurungum. Hoton tafiya a kan mutum ya zauna, kuma ya shiga jimlolin biyu.

Ɗan Zazzau: Ranka ya daɗe, ginin daidai ne, amma "Jamus ta yi wa Brazil tattaken raini" zai sa mai sauraro ya ɗauka an ci mutuncin ƴan wasa ne. Ba raini a 7-1, fin ƙarfi ne.

Baban Nahawu: To "cin kaca" fa? Maganar ƴan majalisar bakin titi ce. Da bakin Kano ake cika mana rediyo, kamar Sakkwato da Damagaram ba su da Hausa.

Ta Maraɗi: Baba, a nan ma muna jin "cin kaca" sarai, muna sauraren sashen Hausa na BBC kamar kowa. Abin da ke damunmu shi ne a kawo kalmar da sai an yi mata sharhi. Rediyo ba ya komawa baya.

Hajiya Malama: Gyara ɗaya: a labarai "hawan ƙawara" ya fi tafiya da doka, kamar "sun yi wa doka hawan ƙawara". Ga mace da shugabanta a shirin iyali, wani zai iya kai shi wani wajen. Bar shi, ɗauki "gadon barci".

Mai Fassara: Na gode. Wasa: "cin kaca". Shirin ma'aikata: "Kada ki bari ya ga gadon barcinki, ya riƙa taka ki yadda ya ga dama."

Baban Nahawu: Ai ga "taka" nan ta shigo. Ban janye "tattaken raini" ba, amma na yau dai ku je da naku.