Ƙwan da ke tsaye kan zare a bayan ganye: wa ya taɓa gani a lambunsa?

Mai Tattasai, Kwalkwalawa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa manoman rani. Wanga hunturu darɓa, 'yan ƙwarin nan da ka tsotse ruwan ganye, ta sauka ma tattasaina, ganye duk ya nannaɗe, ko'ina danƙo. Da nid duba bayan ganye sai nig ga wasu 'yan ƙwai kore-kore, kowane bisa kan siririn zare, awa an kakkafa allurai. Maƙwabcina ya ce ciwo ne, in murje su in yi feshi. Wani yaro mai karatun gona kuma ya ce in ƙyale su. Wanda ya taɓa gamuwa da su shi faɗa muna abin da yag gani da idonai, ba wai-wai ba.

Ɗalibar Noma, Jami'ar Usmanu Danfodiyo:
Wa alaikumus salam Baba. Don Allah kada a murje su. Ƙwan wani koren ƙwaro ne mai fiffike shara-shara da idanu ruwan zinare, na dangin da masana ke kira Chrysopidae. Na taɓa tsinko ganye mai ƙwan na sa a kwalba na rufe da tsumma. Ƙwan ya rikiɗe daga kore zuwa ruwan toka, sannan ya fashe. Yawanci kwana 3 zuwa 6 yake ɗauka, gwargwadon zafi. Abin da ya fito ba ya kama da uwarsa ko kaɗan: 'yar tsutsa ce mai ƙafa shida, ruwan ƙasa, da lanƙwasassun muƙamuƙai biyu a gaba. Na zuba mata ganye mai darɓa. Sai ta soke guda, ta ɗaga ta sama, ta tsotse ruwan cikinta, ta yar da fankon, ta nufi ta gaba. Haka take yi mako 2 zuwa 3, kuma guda ɗaya kan ci darɓa sama da 200 kafin ta saƙa wa kanta farin ƙunshi ta shige, ta fito da fiffike. Shi kuma zaren, yana ɗaga ƙwan ne daga bakin tururuwa da na 'yan'uwansa, don wadda ta riga fitowa in ba ta samu abinci ba, na kusa da ita za ta ci. A kwalbata ma sai da babbar ta cinye ƙaramar.

Uwar Lambu, Arkilla:
Ashe su ne! Ni manyan na sani, suna zuwa jikin fitilar tsakar gida da daddare, yara su yi ta kamu. A ɗan lambun bayan ɗakina na taɓa ganin wani ɗan tarin shara yana tafiya a kan ganyen kuɓewa, na ce yau ga ikon Allah. Da na sa tsinke na taɓa, tsutsa ce ta lafta busassun gawarwakin darɓa a bayanta. Ta taɓa cizona a hannu, ɗan zafi ne na lokaci kaɗan, bai kumbura ba. Ni dama ba na feshi saboda jikoki, ruwan sabulu kawai nake yayyafawa inda abin ya yi yawa.

Ɗan Goronyo:
Hajiya, lambun bayan ɗaki daban, fadama daban. Ni bara na ji irin wagga shawara, na dakata da feshi ga kabejina ina jiran ƙwari su yi man aiki. Ƙwan shina nan, na gan shi, amma kafin su taso darɓa ta shige cikin ƙunshin kabeji. Dillalai sunka zo sunka taya da wulaƙanci. Wanda ya ci bashin taki da man injin ban ruwa ba shi iya zaman jiran tsutsa. Kuma ku tuna 2016, sa'adda tsutsar nan ta Tuta ta gama da tumatir a Arewa. Ita cikin naman ganye take shiga ta ɓoye, wa zai bi ta can?

Tsohon Malamin Gona, Sakkwato:
Ɗan Goronyo, asararka gaskiya ce, Allah ya mayar da alheri. Amma bari in tambaye ka: kafin ka dakata, sau nawa ka riga ka yi feshi a wannan fage? Abin da na sha gani lokacin ina aiki shi ne, a fesa magani mai kashe komai, irin su sifametirin, darɓa ta mutu, masu cin ta ma su mutu. Ita darɓa ba ta jiran namiji, haihuwa take yi kai tsaye, 'yar da ta haifa kuma cikin kamar mako guda ta fara tata haihuwar. Shi kuma koren ƙwaron sai ya yi kusan wata daga ƙwai zuwa fiffike. To wa zai riga dawowa? Shi ya sa mai yawan feshi ya fi kowa kukan darɓa.

Sai maganar tururuwa, wadda ba a cika lura da ita ba. Zaƙin da darɓa ke fitarwa take sha, don haka gadinta take yi, tana korar tsutsar koren ƙwaron, tana kwashe ƙwan in ta kai gare shi. Duk tushen da na ga tururuwa na hawa da sauka, ba na sa rai da taimakon kowa a kansa.

A Turai da Amurka sayar da ƙwan ake yi, a gauraye da ɓuntun shinkafa ko a manne a kati, a kai ɗakunan rainon kayan lambu. Mu namu na daji ne, sai dai mu ba su dalilin zama. Manyan da yawa ba sa farauta, ruwan fure da garinsa suke ci. Layin masara a gefen fage, ko karas kaɗan da aka bari ya yi fure, ya ishe su. In abin ya fi ƙarfi, a jiƙa dakakken ƙwallon dogon yaro a fesa da yamma a inda ya kamu kaɗai.

Mai Albasa, Wurno:
Maganar fure ta Malam haka take. Fagen da nika barin albasar iri ta yi kai, nan nika ganin korayen ƙwarin da yawa da sassafe. Amma 'yan mitsi-mitsin ƙwarin da ka sa ganyen albasa fari-fari, can cikin wuya suka laɓewa. Tsutsar tana cin na waje, ban ga ta rage na ciki yadda zan ce a dogara da ita ba.

Mai Tattasai, Kwalkwalawa:
Na gode ƙwarai. Na koma na duba, wasu ƙwan sun fashe, sauran zaren da farin ɓawo, kuma na ga tsutsa a layukan da ke kusa da masara. Can na bar su. Layukan bakin hanya sun yi muni, su zan ma dogon yaro. Sai dai Malam, tururuwar nan akwai ta, ramukanta na bisa kunya. Ban ruwa ka korar ta, ko toka zan zuba gindin shuka?